Mabuɗai Tara

Ranar da aka miƙa mini mabuɗan sashen kimiyya,
tara ne a zobe guda,
biyu daga ciki ba wanda ya san ƙofarsu.
Misis Garbutt ta ce, "Lorna, barka,"
ta ɗora fayil mai kaurin bulo a kan barkar.

Sama da ni ofis ne mai darduma,
ƙasa da ni malamai bakwai da jiya muke raba biskit.
Yau in na shigo ɗakin shayi
sai hira ta tsuke baki,
cokali kaɗai ke ci gaba da magana cikin kofi.
Tsaka mai wuya.
Ni ce matakalar da mai hawa ke takawa,
mai sauka ma ya taka.

Duk Alhamis ɗin ƙarshen wata
jirgin ƙasan shida da kwata ke ɗauke ni daga Grimsby,
garinmu mai ƙarnin kifi da iskar teku,
zuwa wani otal a Sheffield
inda ake koyar da shugabanci da alƙalami kala huɗu.
Mai horar da mu ya zana kibiyoyi a allo
suna bin juna kamar kare da jelarsa.
Ya ce, "Magana mai ɗaci, ku koyi faɗinta:
yabo a gaba, gyara a tsakiya, yabo a rufe."
Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa.
Muka gwada bibbiyu, ni da wani malamin lissafi daga Barnsley,
shi mai makara, ni shugabarsa.
Muka yi dariya, aka kawo burodi da cuku.

Ba wanda ya ce mini malamin zai zama Mista Oldroyd.

Shi ya fara ɗora hannuna kan murhun gwaji
ina 'yar sha ɗaya, gashina na neman kamawa.
Shekara talatin da huɗu yana ɗakin nan.
Yanzu sakamakon ajinsa ya zame,
takarda kuma ta ce in zauna a baya in auna shi.

Na zauna a teburin da na taɓa karce sunana.
Kwalbar gwaji na rawa a hannunsa.
Ya kira Declan da sunan uban Declan.
Rabin ajin na ƙirga ruwan sama a taga.
Amma yarinyar nan ta lungu,
wadda ba ta buɗe baki ba tun Satumba,
ta ɗaga yatsa.
Ya jira ta.
Ya jira har agogon bango ya ji kunya,
ta ba da amsa.
Fom ɗina ba shi da gurbin wannan.

Bayan ƙararrawa na tattaro yabona na farko.
Ya ɗaga hannu:
"Ajiye zumar, Lorna, miƙo maɗacin."
Na miƙa. Muryata ta koma ta 'yar sha ɗaya.
Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga,
ya daɗe yana gogewa.
"Idanuna ne," ya ce. "Tun bara layin baya ya zama hazo.
Ba ɓoyewa na yi ba.
Ba dai wanda ya ja kujera ya tambaya."

Da yammar nan muka ja tebura goma sha shida,
ni da shi, ƙafafunsu na kuka a daɓe,
har ajin ya zama da'ira, kowace fuska kusa da shi.
Na sa sunansa a jadawalin ganin likita,
na ɗauki darasinsa na Talata.

Da zai fita ya karɓi zoben, ya laluba.
"Na takwas na kabad ɗin ƙasan bene ne.
Duk wanda ya riƙe sashen nan kafin ke
can yake shiga ya yi numfashi minti biyar."
Na ce, "Na taran fa?"
Ya ɗaga kafaɗa. "Riƙe dai. Wata ƙofar ba a gina ta ba tukuna."

Alhamis ta zagayo, jirgi na ratsa gonaki jiƙaƙƙu,
takardar kwas na tambaya:
wane sauyi kika jagoranta a watan nan?
Sun bar mini layi ashirin.
Na rubuta: Na matso da kujeru.
Sauran sha taran na bar su fari,
mabuɗai na ƙara a aljihuna har Sheffield.