Lamba Sha Bakwai

Kowace safiya ina kiran suna,
aji huɗu, makarantarmu ta Mabera.
Sha biyar, na'am. Sha shida, na'am.
Sha bakwai,
sai bakina ya riga idona:
Sirajo Hali.
Shiru. Fanka mai fiffike biyu tana ta juya zafi.

Wata uku ke nan da ubansa ya zo da farar mota,
bai zauna ba, bai kashe inji ba.
Ya ce, "Yara tamanin aji guda, mi za shi koya?
Na ɗauko mishi malami. Gida za shi karatu."
Ban musa ba. Tamanin da ɗaya ne ma,
kuma rabinsu a ƙasa suke zaune.

Ba na ƙin karatun gida, Allah shaida.
Akwai Luba ta Runjin Sambo,
uwarta ke koya mata a gindin dogon yaro,
ƙofa buɗe, maƙwabta na shiga ɗibar wuta,
ta fi 'yan ajina kaifin lissafi.

Amma aji ba allo kaɗai ba ne.
A nan na gane Maniru ba ya gani daga baya.
A nan na ga kunnen Ige yana ruwa.
A nan wata ta ƙi zama kwana biyu,
na ja ta bayan ofis, na ɗaga riga, na gani.
Ba wanda ya rubuta wannan a manhaja.

Sirajo bahago ne.
Yana rubutu yana lanƙwasa wuyan hannu
kamar mai kare fitila daga iska.
Na ƙyale shi. Baƙaƙensa sun fi na kowa tsayuwa.

Ran Asabar na hau kabu-kabu zuwa Arkilla.
Katanga ta fi raƙumi, ga waya a samanta.
Maigadi ya buɗe 'yar taga:
"Suna darasi, Malama."
Na ce zan jira.
Na jira har inuwata ta shige ƙarƙashin takalmina.

Aka fito da shi, uban na tsaye a bayansa.
Ya yi haske, ya ɗan yi kumatu, riga a goge.
Ya durƙusa. Na miƙa masa littafin da ya bari,
ya karɓa da dama.
Na miƙa biro, da gangan, don dama ta cika.
Ya tura littafin a hammata,
ya sake miƙo dama.
Hannun hagu yana aljihu, bai fito ba.

"Mun gyara shi," in ji uban, yana murmushi.
"Ɗana na, ba na gwamnati ba."
Gaskiya ya faɗa. Ƙofa ta rufe a kan gaskiyarsa.

Litinin na je ofishin ilimi.
Na ce, wa ke riƙe da sunayen yaran da aka mayar gida?
Wa ke leƙa su, ko da sau ɗaya kafin damina?
Mutumin ya dubi kabad, ya dube ni.
"Rajistar masu zuwa muke da ita, Malama.
Wanda bai zo ba, ai bai zo ba."
A Kara, ko akuya sai an tsai da shaida
kafin ta canza gida.

Wataƙila ba kome.
Wataƙila hannu ne kawai a aljihu,
yara suna haka.
Ban ga tabo ba, ban ga kumburi ba.
Abin da ke hana ni barci shi ne
duk faɗin Sakkwato
ba mai hurumin cewa, "Fito da shi in gani."

Hedimasta ya ce in soke sunan,
yana ɓata mana lissafin zuwa.
Na ce to.
Jan biron yana jakata, da murfinsa.
Gobe ma zan kira, sha biyar, sha shida,
sannan in ɗan dakata.