Ja na Bakwai

Ruwan farko ya sauka a Samaru,
ciyawar filin ƙwallo ta kai gwiwa,
injin yankanta kuwa yana sito tun bara,
ɓeraye sun haihu a ƙarƙashin murfinsa.

Akawu ya ce bana babu kuɗin sabo.
Tanimu bai ce uffan ba.
Ya shimfiɗa buhun taki a gindin darbejiya,
ya kwance shi gaɓa-gaɓa
kamar mahauci da rago.

Fulogi ya yi baƙi, ya kankare.
Kafireto ya sha wanka da rabin kwalbar fetur.
Igiyar tayarwa ta ruɓe,
ya roƙo ta mataccen janareton maƙwabci.
Wuƙar, maƙerin Tudun Wada
ya wasa ta bashi, sai an yi albashi.
Taya guda daga 'yan gwangwan na Sabon Gari,
ba danginsu ɗaya da sauran ba, amma tana juyawa.

Ja na farko, tari.
Na biyu, shiru.
Na bakwai, kafaɗa ta fara ƙorafi,
sai hayaƙi, sai ruri,
balbelu suka tashi daga bayan raga.

Da la'asar yara suka zo da ƙwallo,
ba wanda ya tambaya.
Tanimu na can bakin famfo
yana cuɗa giris da ƙasa,
ƙamshin ɗanyar ciyawa a rigarsa.