Samfuri Na Ɗari Huɗu Da Sha Bakwai

Ƙarfe sha ɗayan dare a Zagreb.
Taragon lantarki na ƙarshe ya wuce yana kukan ƙarfe,
saura ni da firiji a ɗakin gwaji,
shi yana gurnani, ni ina ƙirga ramuka:
casa'in da shida a faranti guda,
kowane rami ɗigon jinin wani
daga tsibiran kudu.

Ba a ba mu suna. Lamba ake ba mu.

Dubravko, wanda ya koya mini aikin,
yakan ce furotin gangar jiki ce kawai,
sukarin da ke rataye a kanta shi ne sutura,
da sutura kuwa jiki ke gane ɗan gida da baƙo.
Tun jiya na sa inzayim,
almakashin da ido bai taɓa gani ba,
ya yanke kowace bishiyar sukari daga gindinta.
Na shafa musu rini mai ƙyalli,
don abin da ba ya haske, injin ba ya gaishe shi.

Yanzu suna bin siririn bututu.
Ƙanana kan gaba,
masu rassa da kaya a ka suna jan ƙafa a baya.
A fuskar kwamfuta tuddai na tasowa ɗaya bayan ɗaya
kamar tsibirai in an hango su daga jirgin ruwa.

Jinin matashi na san shi:
galaktos a reshen dama da na hagu,
siyalik a can tsini kamar ɓauren da ya nuna.
Na tsoho kuwa, kurangar inabi ce bayan girbi.

Ɗari huɗu da sha bakwai.
Namiji. Shekara saba'in da ɗaya. Lastovo.

Babana Frane ya faɗa mini a waya da bazara
cewa ma'aikatan jinya sun zo bakin tasha,
sun ɗebi jininsa, sun ba shi ruwan lemo,
har yana dariya wai ya ci riba.
Maza nawa ne masu wannan shekaru a tsibirin?
Yatsuna sun isa ƙirga su.
Na dunƙule hannu.

Tudun rassan da suka kaɗe ya yi tsawo.
Ba cuta injin ya ce ba,
bai iya wannan magana ba.
Cewa ya yi lokaci ya bi ta nan
yana tsinkar 'ya'yan itace, ɗaya, ɗaya,
ba sallama.

Na auna faɗin tudun. Na rubuta adadi.
Na wuce zuwa sha takwas.

Da asuba na kira shi.
Teku a kwance take, in ji shi,
gwiwa ce dai ta hana shi fita da koma.
"Zrinka, muryarki wani iri.
Kin ci abinci kuwa?"