Tsirkiya Shida a Kan Tudu

Shekara talatin da takwas ina saman ƙugiya
a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
ina ɗaga kwantena kamar mai ɗaga ƙwarya.
Ran da aka ba ni takardar sallama da agogon bango
na hau matakala ɗari da tara zuwa gida,
na zauna. Hannuwana suka rasa wurin kwanciya.

Jitar ɗana ce. Nahuel ya bar ta ƙarƙashin gado
da ya tafi arewa haƙar tagulla.
Ja ce, fenti ya ɗaye a gefe,
gishirin teku ya fara lasar ƙarfenta.

Maite, jikar mai gidan burodi, shekararta sha bakwai,
ita ce malamata, Talata da Juma'a,
ladanta soyayyen kifi da kuɗin mota.
Ta ce, "Baba Eleuterio, yanke farce tukuna."
Darasin farko ke nan. Ko waya ban taɓa ba.

Na biyu, murɗa kunnuwa shida
har kowace tsirkiya ta faɗi sunanta na gaskiya:
Mi, La, Re, Sol, Si, sai wata Mi siririya.
Ta sama da ta ƙasa takwarori ne,
ɗaya kaka, ɗaya jika.

Sai ta soka waya a akwatin sauti.
Tun ban taɓa komai ba ya fara gurnani.
Na kai hannu, ya kwarma ihu,
karnukan unguwa suka amsa daga tudu zuwa tudu,
Edelmira ta bayan bango ta buga sandar tsintsiya sau uku.
Maite ta rage masa murya, tana dariya har da hawaye.

Yatsa biyu kawai ake so, in ji ta,
gaɓa ta biyu, dab da ƙarfe, ba bisa kansa ba.
Yatsa biyu! Ni da na sauke motoci daga jirgi ana iska.
Na danna, ta yi zuza. Na ƙara dannawa.
Tsirkiya ta shata mini layi a tsoka,
ƙaramin yatsana ya miƙe tsaye
kamar baƙon da ba a nuna wa wurin zama ba.
'Yar robar kaɗawa ta kuɓuce sau goma,
na tsinto ta bayan kujera, sau ɗaya cikin kofin shayi.

Mako uku ina shaƙe wuyan jitar nan
sai ka ce bashina ta ci.
Wata Juma'a, ruwa na dukan rufin kwano,
Maite ta kama wuyan hannuna ta girgiza:
"Saki. Ba kaya ba ne. Nauyin na lantarki ne,
kai dai nuna masa hanya."
Na sassauta.
Na sauke hannun dama a hankali,
tsirkiya shida suka yi magana da baki ɗaya,
sautin ya tsaya tsakar ɗaki, ya ƙi tafiya,
irin jiniyar jirgin da ke barin tasha da asuba.
Sandar tsintsiya ba ta ce uffan ba.

Yanzu kanta ta fito a yatsu, sabuwa bisa tsohuwa.
Na san haɗi biyu, na uku yana wana ni.
Tsakanin Mi da La akwai rami:
ƙafa na ƙirga huɗu, hannu sai ya kai shida.
Maite ta ce kashe sauti ma kiɗa ne,
a ɗora tafin hannu, a yi shiru a kan lokaci.
Wannan ban iya ba tukuna.
Da marigayiya matata na nan, da ta ba da shaida.

Daren Lahadi na kira Nahuel.
Ban ce komai ba, na jingina waya da gwangwanin sukari,
na kaɗa Mi, na rarrafa zuwa La, na dawo.
Shiru. Ina jin iskar hamada tana busawa a wajensa.
Can sai ya ce, "Baba, tsirkiya ta uku ta sauka.
Halinta ke nan tun tana hannuna.
Murɗa ta gaba, kaɗan dai.
Yawwa. To, sake kaɗawa."