Farar Shadda a Ijora

Shekara goma sha tara ina wanki a Ijora,
ƙarƙashin gada, inda hanya ta karkata zuwa Apapa.
Ban yi boko ba, ba ni da ma'aunin iska.
Igiya gare ni,
da farar shaddar mutane.

In na shanya ta da hantsi, fara sol,
kafin la'asar ta yi launin toka.
Mai kaya ya ce, "Tanimu, sabulu ya yi tsada ne?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, sama ce ta yi dauɗa."
Ya yi dariya, ya rage mini ɗari biyu.

Tun asuba tankoki ke layi,
hancin wannan a wutsiyar wancan,
ba su tafi ba, ba a kashe su ba,
sai gurnani, sai aman baƙin hayaƙi.
Kifin Iya Risikatu ma ya daina ƙamshin kifi,
shayin Gambo har da ɗanɗanon gas a ƙasan kofi.

Ladidi tawa shekararta shida.
Nan aka yanke mata cibi.
In dare ya raba, ƙirjinta sai ya kama busa,
siririyar sarewa wadda ba mai rawa da ita.
Uwarta ta jingina ta da bango, ta yi ta fifita.
Likita ta saurara, ta ce, "Wa ke shan taba a gidanku?"
Na ce babu.
"Ina kuke zaune?"
Na faɗa. Ta ajiye biro, ta dube ni kawai.

A hanyar gida na yi lissafin mai wanki:
yadin awa shida a igiya ga yadda yake komawa,
ina ga huhun da aka shanya shekara shida?
Shi ba ya jiƙuwa, ba ya matsuwa,
ba shunin da zai dawo da shi.

Sai ga magana ana ta yi a gari,
wai za a taka wa tsofaffin motocin gas birki,
ko a gyara inji, ko a bar shiga da rana.
Barau ƙanena, nono ɗaya muka saki,
tirelarsa ta girme shi da shekara uku.
Ya zo ya kife bokiti ya zauna.
"Yaya, bakina za su ɗinke.
Hayaƙin nan shi ya rufa wa Inna ɗaki da kwano,
shi ya saya wa Ladidi abin shaƙa wancan watan.
Masu kamfani za su sayi sababbi,
ni da me?"

Gaskiya ya faɗa, ba ni da ta cewa.
Ana haka tari ya turnuƙe shi,
ya tofa a hankicin da na wanke masa jiya.
Muka duba tare. Ya ninke, ya sa aljihu.

Akwai wata Talata da direbobi suka yi yaji.
Ran nan na fara jin warin teku a Legas,
gishiri-gishiri, da ɗan sanyi.
Shadda ta wuni fara,
Ladidi ta yi barci har da miyau a matashi.
Ran nan kuma Barau bai samu ko sisi ba,
a kwanona ya ci tuwo.

Mai rubuta doka, in za ka rubuta,
zo ka tsaya a bakin igiyata tukuna,
ka kuma tambayi Barau kuɗin sabon inji.
Ina son dokar nan, wallahi ina so,
sai dai kada a wanke riga a yaga ta.

Daren jiya sarewar ta sake tashi.
Barau ne ya riga mu, ya ɗauke ta,
ya manna kunne a bayanta.
Ya daɗe.

Da safe na hango tirelarsa a layi, shiru,
ya kashe ta, yana zaune a kan taya.
Ita kaɗai, cikin wajen ɗari uku.
Na ɗauraye shaddar Alhaji, na shanya.