Bashin Iska

Shekara sittin da ɗaya ina zagin iskar nan.
Ta kwashe rufin kwano ranar da na haifi Aurelio,
ta kashe min 'yan tumaki tara a dare guda,
ko shanya ban taɓa yi ba sai da dutse a kan zane.
A tudun Chubut ƙaya ma a rusune take girma.

Sai jikana Nehuen ya dawo daga Esquel
da maganaɗisu goma sha biyu cikin safa,
da wayar tagulla, da takarda mai zane-zane.
Mako biyu yana sassaƙar katako a bakin murhu,
fiffike uku, kowanne da ɗan karkacensa.
Yana naɗa waya yana ƙirge a hankali;
in na yi magana lissafi ya ɓace, ya koma ɗaya.
Sau huɗu na yi magana. Biyu da gangan.

Casimiro ya zo a kan doki, ya ɗaga kai,
ya ce yaron nan ya zama ɗan iska.
Na ce, yau dai ka faɗi gaskiya.

Ta farko ba ta kwana ba.
Da asuba muka tsinci fiffike ɗaya a garke,
ɗaya a ƙetaren rafi, na ukun har yau shiru.
Ya ce, Kaka, ni na koya mata taurin kai.
Ya ƙera mata wutsiya mai lanƙwasa,
in guguwa ta taso sai ta kau da fuska,
yadda nake yi wa kakansa in ya hau faɗa.

Faifan sola guda ya jingine yana duban arewa,
don ta can ranarmu take bi.
A watan Yuli ba ta zama,
leƙowa take, ta gaishe mu, ta wuce.

Daren da ƙwan ya kama,
baƙin hayaƙin kyandir na fara gani a rufi,
sai hannuwana.
Ban san sun tsufa haka ba.

Yanzu ina kaɗin ulu har ƙarfe goma.
Allurar sukarina na kwance a ƙaramin firji,
batir biyu ƙarƙashin benci kamar kyanwa da 'yarta.

Shekaranjiya iska ta tsaya cak.
Na fita da bargo a kafaɗa, farfela tsit,
na ji bakina yana cewa:
ina kika shiga?
Tara kika ci min, tara,
ba ki gama biya ba.