Yatsa Ɗaya

Ajina na Rigasa yara tamanin da uku ne,
benci goma sha tara, taga ɗaya mai murfi,
sai makullin ban ɗaki guda,
ɗaure da guntun katako,
yana rataye a ƙusa gefen allo.

A da, kafin in rubuta bakwai sau takwas,
murya ta taso daga baya: "Malama, zan zaga!"
Wata ta karɓe: "Ni ma!"
Alli ya tsaya a hannuna,
lissafi ya watse kamar gero a tsakar gida,
kaji ma ba su zo tsinta ba.

Sai ranar Ishaku.
Yaron da harshe ke riƙe wa kalma a ƙofa.
Ya miƙe, ya ce, "Ma... Ma... Mal..."
Yara suka fara ƙunshe dariya a hannun riga.
Kafin ya kai ƙarshen sunana
siminti ya jiƙe ƙarƙashin silifas ɗinsa.
Kwana tara gurbinsa ba kowa.
Na bi shi gida, can bayan layin dogo,
na tarar yana ba akuya dusa.
Bai ɗago ba. Ni ma na rasa ta cewa.

Ina komawa a bas, na ga kwandasta
ya nuna sama da hannu,
wani a bakin titi ya girgiza kai, muka wuce.
An yi tambaya, an ba da amsa,
ba wanda ya buɗe baki.

Litinin na ce, ku ajiye biro ku dube ni.
Yatsa ɗaya, ƙaramin uzuri.
Yatsu biyu, babba ne, a haɗa da buta.
In na gyaɗa kai, ga makulli can.
In na buɗe tafi, akwai wani a ciki, a jira.
Cikin mutum ba labarin rediyo ba ne.

Laraba Ishaku ya dawo.
Muna tsakiyar karatu ya ɗaga yatsa,
tsaye kyam, babu i'ina.
Na gyaɗa kai ban katse jimlata ba.
Ya fita, ya dawo, ƙusa ta karɓi kayanta.

Ba na ce duk an shiryu ba.
Gambo ya gano yatsa na fid da mutum daga wahala:
da na ce "rabawa", nasa ya tsiro.
Na leƙa taga, ga shi gaban mai awara.
Na ce, "Gambo, mararka ta haddace jadawali ne?"
Ya dawo yana lashe yaji a leɓe.

Wata Alhamis kuma Tabawa,
babbar ajin, mai zama jikin bango,
ba ta ɗaga ɗaya ba, ba ta ɗaga biyu ba.
Ta dafa mara, ta kafe ni da ido,
ta ƙi motsawa daga benci.
Wannan alamar ba ni na koyar ba,
amma na taɓa yin shekara goma sha uku.
Na tura kowa waje ɗibar shara,
na kwance gyalena na ɗaura mata a ƙugu,
muka bi ta bayan aji.

Jiya jami'i ya zo daga ofishin ilimi,
ya tsaya gaban allo yana ta zuba jawabi,
minti arba'in, ni ga kofin shayi biyu a ciki.
Ina murmushi, ina sauya ƙafa.
Ban san sa'ad da yatsana ya tashi ba.

Kawuna tamanin da uku suka gyaɗa mini.
Ishaku ya zare makulli daga ƙusa,
ya miƙo da hannu biyu.